Kulle ya same mu da kaya a ɗaure

Dokar kulle ta lokacin annobar korona, a 2020, magana ɗaya ce a duk ƙasar da aka kafa ta: kowa ya zauna a gidansa. Waɗanda suka tsara ta sun ɗauka kowane mutum yana da gida guda da ya san nasa ne, yau da gobe. Ba su tuna da irinmu ba, mu da dokar ta riska mun riga mun sanar da mai gidan haya za mu tashi, mun biya kuɗin sabon wuri, mun ɗaure kaya, motar ɗiba kawai muke jira. Muna cikin gida kamar yadda aka ce, amma rabin gidan yana cikin kwali.

Ba wanda ya shirya tashi a watan Fabrairu da zai iya hango wannan. An rufe birnin Wuhan na ƙasar Sin ranar 23 ga Janairu, muka riƙa kallon abin a waya a matsayin labarin nesa. Italiya ta rufe ƙasarta baki ɗaya a mako na biyu na Maris, ranar 11 ga wata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta zama annobar duniya, ranar 17 Faransa ta fara tambayar mutane takardar dalilin fita. A Indiya awa huɗu kacal aka ba mutum biliyan 1.3 su shirya. Kafin Afrilu ya yi nisa, kusan rabin mutanen duniya suna ƙarƙashin wani nau'in kulle.

Abin da ya fi cutar mai jiran tashi shi ne yadda ake yanka wa'adin gutsi-gutsi. Indiya ta ce kwana 21, da suka cika ta ƙara, ta sake ƙarawa. Birtaniya ta riƙa duba dokarta duk bayan mako uku. Wuhan sai da ta yi kwana 76 kafin a buɗe ta. Da tun farko an ce wata uku ne, da kowa ya kwance kayansa ya zauna. Amma idan kullum saura mako biyu, wa zai yage kwalin da ya sha wahalar ɗaurewa?

Bari in nuna muku falonmu yadda yake a makonnin farko. Kwalaye jere a bango har sun kusa tagar, kowanne da rubutu a jikinsa. Na farko-farkon an rubuta su dalla-dalla: littattafan yara, kofunan gilashi, a yi hankali. Na ƙarshen, da gajiya ta zo, "tarkace" kawai aka rubuta, kuma su ne suka fi yawa. An sauke labule, sai zanin gado aka rataya a tagar ɗaki. An kwance gado, an zuba kusoshinsa a leda an manna a jikin allon kai da salatef, katifa tana ƙasa. A bango ana ganin inda agogo da hotuna suka zauna shekara da shekaru, fentin wajen ya fi sauran haske. A kicin tukunya biyu aka bari, da faranti daidai yawanmu, ba ko ɗaya na ƙari.

Sannan ga amo. Ban taɓa sanin labule da kafet da kujerun kushin aiki suke yi mana a ɓoye ba sai da aka kwashe su. Su ne ke shanye ƙara. Da babu su, cokali ya faɗi sai ka ji har ɗaki, yaro ya yi dariya bango ya maido da ita, maigida yana taron ofis ta waya kowa a gidan yana halarta. Mutanen da aka kulle wuri guda dare da rana, aka kuma ƙara musu ƙara a kan ƙara, ba sai an faɗa muku yadda fuskoki suke kafin yamma ba.

Amma duk wannan bai kai wata 'yar magana illa ba, wadda ta shigo gidan ta zauna daram: "Ai tashi za mu yi." Famfon banɗaki yana ɗiga, ai tashi za mu yi. Ƙwan fitilar baranda ya mutu, ai tashi za mu yi. Ƙura ta taru bayan kwalaye, wa zai janye su ya share tunda tashi za mu yi? Yaro ya tambayi ina ƙwallonsa, a ce ya yi haƙuri sai an je sabon gida. Kowanne idan ka ɗauke shi shi kaɗai, magana ce ta hankali. Idan suka taru, sai ka ga iyali guda suna zaune a wurin da babu mai kula da shi, alhali doka ta hana su zuwa ko'ina ban da shi. A lokacin da babu kulle ana iya jure irin wannan zama, domin gida wurin kwana ne kawai: akwai ofis, akwai makaranta, akwai ziyara. A lokacin kulle kuwa gidan shi ne ofis, shi ne makaranta, shi ne filin wasa. A ra'ayina, duk wanda aka ɗage masa ranar tashi ba tare da an sa wata ba, ya buɗe kayansa ya zauna a gidan da yake ciki zama na gaske.

Da na kawo maganar, maigida bai yarda ba.

"Haba, Maman yara, so kike mu maimaita wahalar nan? Salatef ɗin ma ya ƙare, shaguna a rufe. Kwalin da aka yage sau ɗaya ba ya komawa yadda yake."

"Abban yara, wahalar ɗaure kaya ta yini biyu ce. Wannan da muke ciki fa, ka san ranar ƙarewarta?"

Ya yi shiru, ya koma kan kwamfutarsa da ke ɗore bisa kwalin littattafai. Ban ce ba shi da hujja ba. Kwali mai ƙwari wuyar samu yake yi a lokacin, kuma akwai wani abu da bai furta ba amma na fahimta: buɗe kayan tamkar amincewa ne cewa tafiyar ta yi nisa, shi kuwa shi ya yi ta zirga-zirgar neman gidan, shi ya sa hannu a takarda. Mutum ba ya son ya ga aikinsa yana komawa baya. Sai dai ranar tashi ba ta san ko labulenmu a rataye yake ko a ninke ba. Ba za ta matso don mun zauna a takure ba.

Ba duka muka buɗe ba. Labule ne farko, kuma ranar da aka mayar da shi ɗakin ya daina zama kamar wurin da aka yi gwanjo. Sai kwalin yara. Hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ce a watan Afrilu ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi ne ke zaune a gida saboda rufe makarantu, namu suna ciki, kuma ba zai yiwu malama ta turo aiki ta waya littafin yana ƙasan kwali na huɗu ba. Sai kayan kicin, sai tebur ɗin da aka jingine ƙafafunsa a sama. Sauran muka tattara su ɗaki ɗaya muka ja ƙofa. Idan za ku yi, ku yanka salatef ɗin da reza ta tsakiya, kada ku fizge shi, sannan ku kwantar da kwalin a shimfiɗe ƙarƙashin katifa ko bayan kabad, nesa da danshi. Zai sake yin aiki.

Autarmu ita ta fi ba ni mamaki. Tun da aka fara ɗaure kaya take tambaya kowace safiya ko yau ne za mu tafi, ta koma tashi cikin dare tana kuka ba dalili. Da aka fito mata da bargonta da 'yar tsanarta aka shimfiɗa mata a kusurwar da ta saba, tambayar ta ragu da kanta. Yaro ba ya gane wa'adi da dokar gwamnati. Kayansa yake dubawa ya san ko ana nan ko ba a nan.

Akwai kuma 'yar kunyar da ba a faɗa. Mun riga mun yi sallama da maƙwabta, an yi yafe-yafe, wata har da hawaye. Yanzu duk fitowar zubar da shara sai mun haɗu daga nesa, kowa da takunkumi a fuska, ta ɗaga hannu ta ce, "Ashe dai kuna nan?" Muna nan. Sallama ta biyu ban san da wace fuska za a yi ta ba.

Ban ga laifin hana tashi ba, gaskiya. Duk wanda ya taɓa sauya gida ya san aikin hannu da yawa ne. 'Yan ɗako huɗu suna saukar da firji a matattakala, kai da kai, kowa yana haki a fuskar ɗan'uwansa, ina tazarar mita biyu a nan? Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta New England a watan Maris ya nuna cewa a ɗakin gwaji ƙwayar cutar tana iya kaiwa awa 24 a jikin kwali, har awa 72 a jikin roba da ƙarfe. Ɗakin gwaji daban, bayan mota daban, amma mai kwali arba'in a falo idan ya karanta wannan dole ya tsaya ya yi tunani.

Kuma tashi ba na iyali ɗaya ba ne, sarƙa ce. Mu ba za mu shiga ba sai na ciki ya fita, shi ba zai fita ba sai an gama fentin inda zai koma, mai fentin kuwa yana kulle a gidansa. A bayanmu akwai wasu da suka biya kuɗin wannan gidan da muke ciki, su ma kayansu a ɗaure. Mutum ɗaya ya tsaya, kowa ya tsaya. A Ingila gwamnati ta shawarci mutane a ƙarshen Maris su ɗage tashi in dai gidan da za su shiga da mutane a ciki, kuma da ta sassauta ranar 13 ga Mayu, ita da kanta ta ce sama da mutum 450,000 ne shirinsu na sauya gida ya tsaya cak. Wannan ƙasa ɗaya ke nan, a cikin mako bakwai.

Inda nake da ƙorafi shi ne kuɗi. Gwamnatoci da dama sun yi abin kirki wajen hana korar 'yan haya. Ingila ta dakatar da shari'un kora na wata uku. Amurka ta sa a dokar tallafinta ta 27 ga Maris cewa na kwana 120 ba za a kori ɗan haya ba a gidajen da gwamnatin tarayya ta tsaya wa bashinsu. Jamus ta hana soke yarjejeniyar haya saboda bashin Afrilu zuwa Yuni idan annobar ce sanadi. Duka waɗannan sun kare wanda ake son fitarwa, kuma ba su yafe kuɗin ba, jinkirta shi kawai suka yi. Wanda yake son fita aka hana shi fa? Hayar sabon gida ta fara ƙirgawa tun ranar da ke cikin takarda, ko ka kwana a ciki ko ba ka kwana ba. Ta tsohon gida kuma ba ta tsaya ba. Gaba kura baya sayaki, a lokacin da albashin mutane da yawa ya ragu ko ya tsaya.

Na san za a ce mu gode wa Allah muna da rufi a kanmu, kuma mun gode. Na ga hotunan leburorin Indiya suna tafiyar ɗaruruwan kilomita a ƙafa, da yara a kafaɗa, saboda aiki ya tsaya kuma ɗakin kwanan ya tafi da aikin. Ba na haɗa kaina da su. Amma kasancewar wani ya fi ka shiga uku ba ya biya maka haya biyu.

Wani abin da nake yawan ji daga masu hali irin namu shi ne wai kulle ya nuna musu rabin kayansu ba su da amfani, tunda ga kwalaye ba a buɗe ba kuma ba a rasa komai ba. Ni dai na ce a yi a hankali kafin a fara rabarwa. Manyan faranti ba a neme su ba domin ba baƙo. Takalman fita ba a neme su ba domin ba fita. Jakar makaranta, kayan ado, akwatin tafiya, duk rayuwar da ke buƙatarsu ce aka dakatar. Kwalayen da aka rubuta wa "tarkace" kam, waɗannan na yarda a sake duba su da idon basira.

Shawarar da muka kai wa mai gidanmu ita ce mu ci gaba da biya wata-wata, watan da muka tashi kuma a lissafa kwanakin da muka yi kawai, a rubuta a saƙo kowa ya ajiye. Bai ƙi ba. Shi ma yana da nasa nauyin, kuma ya san ko mun fita yau ba mai iya shigowa. Ɗaya ɓangaren ne ya gagara. Dillalin sabon gidan ya ce yarjejeniya yarjejeniya ce, ranar da aka rubuta ita ce ranar, alhali ko makulli ba a miƙa mana ba, mutanen ciki ma ba su fita ba. Mun ce a mayar da farkon hayar ranar da aka ba mu makulli, ya ce zai yi magana da mai gidan, kuma tun daga nan wayarsa ba ta shiga sai jefi-jefi. Duk wanda ya shiga irin wannan ya samu aka matsar masa da ranar, don Allah ya faɗa mini ta inda ya biyo.