Ku ƙyale yaran nan su hau kekensu

Jama'a, maganar samarin nan na Agege nake so in yi, waɗanda suka ƙulla niyyar hawa keke su bi gaɓar teku daga Ajah, su gangara Eleko da Akodo, suna kwana a tanti, su ƙare a Epe. Tun da zancen ya fito ake yi musu dariya a majalisa. Wani dattijo har cewa ya yi, "Yaro, in ƙarfi ne ya yi maka yawa, zo Mile 12 ka sauke buhun albasa." Baba ya yi haƙuri, ni dai ina bayan yaran.

Sai ka ga ɗan'uwanmu ya shekara ashirin a Legas, ya san Idi-Araba, ya san Alaba Rago, ya san kowane lungu na Obalende, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka yashin teku ba. Ruwan nan ma da muke hangowa daga kan gadar Third Mainland muna cewa teku, ba shi ba ne, tafkin Legas ne. Daga shago sai masallaci, daga masallaci sai ɗaki, in Sallah ta zo a hau mota sai Arewa. Neman halal ba laifi ba ne, shi ya kawo mu. Amma a ce don yaro ya so ganin ƙasar da yake zaune a cikinta shi ke nan ya zama marar aikin yi?

Kuma gaɓar nan kullum raguwa take yi. Bar Beach da ake kai yara yawon Sallah ina take? An cike wurin da yashi, sabuwar unguwar Eko Atlantic ta hau kai. A 2024 aka fara babban titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, kuma kowa ya ga rusau ɗin da aka yi a bakin ruwan Landmark. Ta gabas ga matatar Ɗangote da aka buɗe a 2023, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ga kuma sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki a kusa da ita. Ba ƙorafi nake yi ba, 'yan'uwanmu da yawa a can suke ci. Sai dai duk inda irin wannan aiki ya sauka, fili kan yi tsada, katanga ta biyo baya, sai ƙofa da mai karɓar kuɗin shiga. Ƙauyukan masunta masu bishiyoyin kwakwa da kwale-kwale a kife kan yashi, inda za ka tarar mata na banɗar kifi hayaƙi na tashi, wanda zai gan su gara ya tafi yanzu. Kuma a mota ba ka ganin komai sai bayan tirela.

To, ku kuma ƙannena, ku saurara. Abin tsoron farko titin Lekki zuwa Epe ne, da tankoki da manyan motocin da ke zirga-zirga can. Ku fita da an idar da Asuba, hantsi na yi ku nemi inuwa, kada wanda ya yi tuƙin dare. Busasshen yashi ba ya ɗaukar keke, taya nutsewa take yi, turawa za ku yi ta yi har cinya ta gaya muku. Sai ruwa ya janye ne ake samun jiƙaƙƙen yashi mai tauri da za a iya takawa. Iskar gishiri kuma tana cin sarƙa, kullum da yamma a goge a ɗiga mata mai. Wanda ya koyi iyo a kududdufin garinsu ya tsaya iya gwiwa, igiyar ruwan nan ja take yi ta ƙasa. Alwala da ruwan teku ta halatta, amma na sha sai kun ɗauka. Yuni da Yuli kam ku manta saboda ruwan sama, ku bari sai Disamba.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin kwana. Mu faɗa wa juna gaskiya: a yanayin da ake ciki, a ga samarin Arewa da jakunkuna sun kafa tanti a bayan gari da magariba, kafin ku ce wani abu labari ya zama wani iri. Kada ku sauka ko'ina sai kun je gaban Bale, mai garin wurin, da sauran rana, kun gaishe shi da ladabi, kun ce ga ku ga abin da ya kawo ku. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a aljihu. In da mai jin Yarbanci a cikinku, shi ne a gaba. Ku sayi kifinsu, kada ku bar musu leda ko ɗaya a yashi.

Alhaji, kai da ka jingine tsohon kekenka Raleigh a bayan shago kaji na kwana a kai, ka ba su aro. Wasu daga cikinsu har yau ba su samu na hawa ba.