Kankarar da ke cin wuta a kasan teku, wa zai karanta mana awonta?

Mu da ke Garwa da Marwa in aka yi zancen teku sai mu ga ai na mutanen Duwala da Kiribi ne, amma wallahi wannan ya shafe mu, tunda mu ne ke yawo da butel din gas unguwa unguwa in ya yi wuya, matanmu kuma su koma kan itace da gawayi alhali daji sai karewa yake.

A karkashin teku, inda zurfin ruwa ya kai mita 500 ko fiye, sanyi da nauyin ruwa suna matse iskar gas ta daskare cikin laka kamar kankara, in an fito da ita aka kyasta ashana sai ta kama. Mita daya ta ko'ina, wato kubik daya, in ta narke tana sakin gas kusan kubik 160.

To ta yaya ake gane tana wurin ba a haka ba? Da kara. Jirgi yana harba iska mai karfi cikin ruwa, karar ta nutse cikin laka ta dawo, wata doguwar igiya mai na'urorin sauraro da jirgin ke ja, tsawon kilomitoci, ta dauka. Kamar dai yadda uwa ke kwankwasa tulu a kasuwa ta ji ko da tsaga. Cikin lakar da ta daskare kara na gudu da sauri, da ta fada inda gas yake a sake a karkashi sai ta rage gudu, nan ne wani layi ke fitowa a hoton yana bin siffar kasan teku yana ratsa sauran layuka ba ruwansa da su. Wanda ya iya karatu da ya ga layin nan ya san akwai magana, ko da yake yawan abin sai an haka rijiya an tabbatar.

Kar wani ya ce gobe za mu dafa tuwo da shi fa. Japan ta gwada hakowa a 2013, kwana 6 yashi ya toshe musu rijiya. Sin ta yi kwana 60 a 2017, har yau ba wanda ke sayarwa a kasuwa. Kuma in ta narke ba shiri laka na iya zaftarewa, ga bututu ga rijiyoyi a kai, mu kuwa da muka ga abin da gas din tafkin Nyos ya yi a 1986 bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Abin da ke damuna shi ne, shekara da shekaru ana wannan awon a tekun Kamaru don neman mai, idon kamfani na can kasa inda man yake, sashen sama bai dame shi ba. Ga yaranmu a Kaele da Meiganga suna karatun ma'adinai da man fetur. Ya kamata SNH, hukumar man fetur ta gwamnatin Kamaru, ta taimaka ta ba makarantun nan tsofaffin awon, da kwamfuta mai karfi da wutar da ba ta daukewa, su zauna su nemo layin nan da kansu.