Sabuwar bautar gumaka a Turai: wa ke yanke abin da yake cuta?

Jama'a, a ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021, kusan mutum 74,000 ne suka ce addininsu bautar allolin gargajiya ce. Kuma ba mutanen da boko bai kai gare su ba ne.

Na fahimci abin da ke jan su. Badaƙalar lalata da yara ta zubar da mutuncin coci a idon mutane da yawa. A Wicca, ɗaya daga cikin waɗannan sababbin addinai, mace tana jagorantar ibada, ana kuma girmama daji da ƙasa a zamanin da kowa ke kukan sauyin yanayi. Duk watan Yuni dubbai ke kwana a Stonehenge, wani tsohon wuri mai manyan duwatsu a tsaye a Ingila, suna jiran fitowar rana. Ƙishirwar ruhi ce ta gaske, ba na yi musu dariya.

Abin da ke damuna tarbiyya ce. Wani Baturen Ingila, Gerald Gardner, ya fito da Wicca fili a 1954, shekara uku bayan an soke dokar hana maita a Ingila. Babbar ƙa'idarsu ita ce ka yi abin da ka ga dama muddin ba ka cuci kowa ba. To wa zai ce ga cuta? Mai cin amanar matarsa zai ce ai ba ta sani ba. Wanda ya yi watsi da tsohuwarsa zai ce bai taɓa ta ba. Mai laifi ne alƙalin kansa, kuma zuciya ba ta rasa uzuri.

Dubi masu bautar tsoffin allolin arewacin Turai, Odin da Thor, waɗanda Iceland ta amince da ƙungiyarsu a 1973. Vikings, mayaƙan tekun arewacin Turai da suka bauta wa allolin nan a da, suna kama bayi su sayar, har hadaya da mutane an yi. Mabiyan yau sun ƙi wannan, madalla. Amma da wane ma'auni suka ƙi? Ba daga Odin suka samo shi ba, daga Turan da Kiristanci da dokokin haƙƙin ɗan Adam suka yi wa tarbiyya ne. Shi ya sa da masu wariyar launin fata suka rungumi Odin ɗin, sauran suka yi tir da su, amma babu nassi ɗaya da kowa ya yarda da shi da za a kafa musu hujja.

Ko Bamagujen ƙasar Kano da Katsina gadon haninsa ya yi, akwai dattawa masu ce masa kul. Wanda ya zaɓi ubangijinsa a intanet da daddare, ranar da aka hana shi abin da yake so, wani ubangijin zai je ya zaɓo.