Kafin ka sayar da PS2 ka ɗauko PS5, yi lissafin shagonka

Daga Wudil zuwa Gaya, daga Ringim zuwa Gumel, da wuya ka ratsa gari mai kasuwa ba ka ga shagon gem ba: ɗaki ɗaya ko rumfar kwano, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, janareta na ruri a bayan katanga. A irin waɗannan shaguna ne ake tafka musun da ya ƙi ƙarewa. Waɗanda suka tashi da Winning Eleven da PES 6 suna cewa tun daga nan ba a sake yin gem ɗin ƙwallo ba. Yara masu tasowa kuma suna yi musu dariya, suna nuna fuskar Mbappe a EA Sports FC, su ce wancan ai zane ne kawai.

Ra'ayina shi ne tsohon gem ya fi dacewa da shagon ƙauye, kuma dalilin ba begen ƙuruciya ba ne. An ƙera shi ne don mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa, babu intanet, babu katin banki. Sabon kuwa an ƙera shi don mutum ɗaya a ɗakinsa, mai wutar da ba ta ɗaukewa da data da ba ta ƙarewa. Duk mai shagon da bai gane wannan ba zai zuba jari inda ba zai fita ba.

Kamfanoni biyu ne suka riƙe wannan fage. EA na Amurka ya fitar da FIFA na farko a 1993. Konami na Japan ya biyo da International Superstar Soccer a 1994, sannan Winning Eleven, wanda aka sa wa suna Pro Evolution Soccer (PES) a Turai daga 2001. EA yana da lasisin ƙungiyoyi da sunayen gaskiya, Konami kuwa sau da yawa ba shi da su, shi ya sa a wasu fitowar za ka ga Man Red a madadin Manchester United, Merseyside Red a madadin Liverpool. Duk da haka Konami ne ya ci kasuwar shagunanmu a zamanin na'urorin PlayStation na farko, PS1 da PS2, domin a hannu ake jin daɗinsa, ba a ido ba.

Dubi yadda ake buga PES 6, wanda ya fito a 2006. A madannan fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana bugawa, X fasin, akwati shot, zagaye kuros, kusurwa uku ƙwallon ratse, R1 gudu. Yaro ɗan shekara goma zai haddace wannan a wasa biyu. Gwanintar tana gaba da haka: ka riƙe L1 ka danna X, wanda ya ba da fasin ya ruga gaba, ka mayar masa da kusurwa uku, ka danna akwati ka bi shi da X nan take, ɗan wasa ya yi kamar zai buga ya yanke, mai tsaron baya ya zube, ka haɗa R1 da R2 ka ƙwace ɗan wasanka daga layin da na'ura ta ɗora shi, ka tare ƙwallo kafin ta iso abokin hamayya. Kwatance takwas kawai ɗan wasa ke bi idan kana amfani da madannan kibiya, kuma wannan ƙarancin ne ya sa komai ke fitowa a sarari. Idan aka ci ka, ka san inda ka yi kuskure, 'yan kallo da ke tsaye a bayanka su ma sun gani, kuma za su faɗa maka ba tare da ka tambaya ba.

Ba wai babu son kai a tsohon gem ba. Adriano na Inter Milan yana da ƙarfin shot 99, daga ko'ina ya saki ƙafar hagu gola sai addu'a. Kafin shi, a Winning Eleven, kowa ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba, ko a jefa wa Tijjani Babangida ƙwallo a gefe a danne gudu. Amma irin wannan son kai kowa ya san shi, kuma shago na iya maganinsa da doka ɗaya: "Yau babu mai ɗaukar Inter." Kowa da ƙungiyoyi iri ɗaya a gabansa, wanda ya zo da naira kaɗan da wanda ya zo da aljihu cike.

Sabon gem ya fi tsohon a abubuwa da dama, kuma rashin adalci ne a ɓoye. Tun FIFA 10 ɗan wasa ke juyawa ta kowace kusurwa, ba takwas kaɗai ba. Gola ya fi hankali, ba ya tsayawa yana kallon ƙwallo tana wuce shi kamar yadda ake gani a da. Karo tsakanin 'yan wasa, yadda ƙwallo ke lanƙwasa, tsara dabarun tsaro da kai hari, duk an yi nisa. Wanda ke kallon Firimiya a gidan kallo ranar Asabar zai ga abin da ya saba gani, har da rigunan bana. Sai dai a lura, fasahar motsi da EA ke talla da ita, HyperMotion, wadda ta fara a FIFA 22, ba ta cikin na PS4. Mai shagon da ya sayi sabon faifai ya sa a PS4 yana biyan kuɗin suna ne fiye da kuɗin sabon wasa.

Inda aka rabu da gaske shi ne yadda kamfanonin ke neman kuɗi. A 2009 EA ya ƙirƙiro Ultimate Team, inda kake tara katunan 'yan wasa ta hanyar buɗe fakiti da ba ka san abin da ke ciki ba, kuma kana iya sayen fakitin da kuɗin gaske. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018, har EA ya daina sayar da makin sayen fakiti a ƙasar a farkon 2019. Wannan sashe ne ke samun mafi yawan kulawar kamfanin a kowace shekara, kuma ba ya aiki sai da intanet. Uban da ke Sumaila ko Babura ya kamata ya san haka kafin ya saki katinsa na banki a hannun yaro, domin akwai irin wannan sayen har a gem ɗin waya.

Konami ma ya bi sahu. A ƙarshen Satumban 2021 ya binne sunan PES ya fito da eFootball, kyauta ne saukewa, amma ya zo da kurakurai da suka jawo masa suka a duniya, kuma babu Master League a ciki. Wannan rashi ba ƙarami ba ne. Master League shi ne inda kake farawa da Castolo da Minanda da gola Ivarov, 'yan wasan da babu su a duniya, ka yi ta fama a ƙaramin rukuni, ka tara maki ka sayi ɗan wasa ɗaya mai kyau bayan kaka guda. Duk wannan yana zaune a memori mai megabait 8, kuma abokai uku na iya haɗa hannu su riƙe ƙungiya ɗaya wata da watanni. EA kuma ya rabu da hukumar FIFA, daga 2023 gem ɗinsa ya koma EA Sports FC, amma tsarin kasuwancin bai canja ba.

Sai batun nauyi. PES 6 gaba ɗayansa yana cikin faifan DVD ɗaya da bai wuce gigabait 4.7 ba, ka sa ka kunna, shi ke nan. Sabon FC yana cin gigabait arba'in ko fiye, kuma ana turo masa gyara a kai a kai, wani gyaran shi kaɗai ya fi tsohon gem ɗin nauyi. A garin da sabis ke zuwa yana komawa, sai dai a ɗauki na'ura a kai ta Kano a yi mata lodi, a biya kuɗin mota, shago ya kwana a rufe. Wasan intanet kuwa, ko da an biya kuɗin PlayStation Plus, wato rajistar buga wasa ta intanet, jinkirin sabis zai sa ka danna fasin ƙwallo ta fita bayan an riga an ƙwace ta.

Wuta ita ce ke yanke hukunci. Ƙaramin janaretan da aka fi amfani da shi a shaguna yana ɗaukar abin da bai wuce wat 650 ba, kuma mai hankali ba ya cika shi, yana barin kashi ɗaya cikin uku. Siririyar PS2 da ƙaramar filasma ba su kai wat 100 ba a haɗe, don haka saiti huɗu za su zauna da ƙwan fitila, ba tare da injin ya yi nishi ba. PS5 ita kaɗai tana jan kusan wat 200 idan ana wasa, ga babbar talabijin da ta dace da ita. Saiti biyu sun kai janaretan maƙura. Wasan minti goma, idan aka haɗa da zaɓen ƙungiya da jera 'yan wasa da gardama, yana cin kusan kwata, wato wasa huɗu a awa a kowace na'ura. PS2 huɗu za su ba ka wasa 16 a awa, PS5 biyu su ba ka 8, da man fetur kusan iri ɗaya. Kafin ka dawo daidai sai ka ninka kuɗin wasa, ba a ma zo batun kuɗin sayen na'urar ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan lissafi ya ƙara tsanani, kuma ɗan makarantar da ke zuwa da canjin aike ba zai iya biyan ninki ba. Mai sola ma lissafinsa ɗaya ne, batir ne zai faɗa masa gaskiya da ƙarfe tara na dare.

Ga kuma abin da ke lalacewa. A PS2 idon da ke karanta faifai ne ke fara mutuwa, saboda ƙurar hunturu da karta-kartan faifai. A siririyar kuma akwai lallausar wayar da ke bin idon, idan ta ɗago sai ta riƙa zana da'ira a jikin faifan. Masu gyara sun daɗe da kauce wa wannan: memori mai manhajojin Free McBoot da OPL, gem ya tashi daga filash ko hard disk, ido ya huta. Filash ɗin a tsara shi a FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya haura gigabait 4 sai an raba shi. Ramin USB na PS2 tsohon samfuri ne mai nawa, don haka bidiyon buɗewa zai riƙa sarƙewa, amma wasan kansa yana tafiya. Fad ɗinta mai waya ne, yawanci a wuya yake tsinkewa, a yanke a sake haɗawa da dalma. Robar da ke ƙarƙashin X da R1 idan ta mutu a ciro ta wani mataccen fad. Duk mai gyaran waya a bakin kasuwa zai iya.

PS4 da PS5 ba sa yafe irin wannan rayuwa. Janareta ya mutu ana tsakiyar wasa, ma'ajiyar na'ura na iya rikicewa, sai an shiga sashen gyaran na'urar, Safe Mode, an sake gina ta, wani lokaci a rasa duk abin da ke ciki. UPS, batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke, ya zama dole, ba ado ba. Ƙura ta toshe fanka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano, na'ura ta yi ta ƙara sannan ta kashe kanta. Ramin HDMI ya karye saboda yawan cirewa da sawa, gyaransa sai gwani a Kano. Fad ɗin PS5 kuma sananne ne da matsalar sandar da ke tafiya da kanta, ɗan wasa ya riƙa karkata hagu babu wanda ya taɓa shi, ga caji da ke ƙarewa a hannun kwastoma.

Babban aibin tsohon gem shi ne tsufan 'yan wasa. PES 2014 ne na ƙarshe da ya fito a PS2, kuma yaron yau Osimhen da Lookman yake nema, ba Adriano ba. Masu yin faci, wato gyararren kwafin gem, suna sabunta sunaye da riguna kowace kaka, wasu facin na da kyau, wasu na daskarewa a tsakiyar wasa, don haka a gwada wasa biyar cikakku kafin a sa wa kwastoma. Akwai kuma sashen gyara da ke cikin gem ɗin, inda za ka zauna da yamma ɗaya ka gina Kano Pillars da rigarta ruwan ɗorawa da kore, ko Jigawa Golden Stars, ko ƙungiyar unguwarku da sunayen yaran da ke zaune a bencin. Gasar Najeriya ba ta cikin FC, kuma a shagon ƙauye babu abin da ke tara jama'a kamar a ji "Sai Masu Gida" za su kara da Barcelona. Hoton PS2 yana dusashewa a babbar filasma, har da ɗan jinkiri. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya ta fi fito da shi, sai dai ta fi jan wuta. Idan filasma ce, a ɗauki ƙarama a sa ta a Game Mode.

Wanda ya tara kuɗi yana son ci gaba, hanyar tsakiya ta fi masa: PS3 da PES 2013, ko PS4 ɗaya da PES 2021, na ƙarshe da ke da Master League da wasan mutum biyu cikakke ba tare da intanet ba. Sabunta shi ba wuya. A buɗe folda mai suna WEPES a filash, a zuba fayilolin ƙungiyoyi da rigunan bana a ciki, a shigar ta sashen Edit. Wannan na'ura ɗaya a sa mata farashi dabam don manya da ranar kasuwa da wasan ƙarshe na gasa, sauran benci a bar wa PS2.

Abokin hamayyar shagon gem na gaskiya ma yanzu waya ce. Yaron da ke da Android yana da Dream League Soccer, ko PES a cikin PPSSPP, manhajar da ke buga gem ɗin ƙaramar PlayStation ta hannu a waya, yana bugawa kwance a zaure ba ya biyan kowa. Abin da zai fito da shi ya biya kuɗi shi ne abokin karawa a gefensa da jama'ar da za su yi ihu idan ya ci. Don haka kuɗin da za a ƙara a kan PS5 gara a sa shi a fad masu kyau guda takwas, da fanka, da gasar ƙarshen wata ta mutum 16 da allo a bango, a kuma riƙa rufe shago lokacin makaranta da lokacin sallah, domin iyayen gari su bar shi ya zauna.