Wa ya karanta kafin a tura?

Duk wanda ya ce laifin yaron nan ne a maganar manhajar rubuta ciniki da bashi da ya haɗa wa wani Alhaji a Kantin Kwari, ni da shi ba mu gama magana ba. Kun dai ga yadda aka yi masa ca a guruf tun daren jiya. Ɗan aji biyu a jami'a, aka ba shi kwana huɗu, aka ce ai yanzu akwai AI, ba sai an sa babba a kansa ba. Ya zauna da Cursor, manhajar AI mai taya rubuta manhaja, ya haɗa abu mai kyau a ido. Ranar da sabis ya yi rauni a cikin kasuwa, yaron shago ya ga allo ya tsaya, sai ya sake dannawa. Bandir goma na shadda suka shiga littafi sau biyu, aka je aka tsare wani dattijo da bashin da bai ci ba.

Tambayata ɗaya ce: wa ya karanta kod ɗin, wato rubutun umarnin da manhaja ke aiki da shi, kafin a tura? Babu kowa!

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar kuɗi a garin nan ya san dannawa biyu ita ce farkon abin da ake tarewa, don sabis ɗinmu ya koya masa da zafi. Yaron bai san zai tambayi na'ura wannan ba, ita kuma abin da aka tambaye ta ta bayar. Keken ɗinki ɗaya ne a shagon tela, amma ba a miƙa wa ɗan koyo shaddar ango ana gobe ɗaurin aure, a juya baya a tafi.

Masu turo min cewa kamfanin GitHub sun ce Copilot, AI ɗinsu mai taya rubuta kod, na ƙara sauri da kashi 55, ku huta, na san wannan. A 2022 aka yi gwajin, kuma aiki ɗaya ne, ƙarami, sabo fil, babu tsohon kod a ƙarƙashinsa. A 2025 wata cibiya mai suna METR ta gwada ƙwararru 16 a kan manyan ayyukan da suka daɗe suna riƙewa. Da AI a hannunsu sai lokacin aikin ya ƙaru da kashi 19, alhali su a ransu gani suke sun ƙara sauri. Idan ƙwararre zai ruɗu haka game da aikin hannunsa, ina ga yaron da bai taɓa ganin manhaja ta fashe a hannun kwastoma ba?

Ni ma ina amfani da waɗannan manhajojin AI kullum, kada wani ya ce gaba nake da ci gaba. A ofishinmu mu biyar ne, kuma babu layin da ke wucewa sai wani ya karanta, sai gwaji ya bi ta kansa. A nan AI na rage mana wahala sosai. Ka ɗauki AI ɗin nan ka kai inda babu mai dubawa, kuskure kawai zai riƙa fitowa da gudu. Wanda ya hana kuɗin mai dubawa don ya rage kashewa, shi ya kamata a kira gaban dattijon nan.

Wallahi yaron ya ba ni tausayi. Yana da ƙwaƙwalwa, da an zaunar da shi kusa da babba wata shida, da wani labarin ake yi. Ka kira ni, ƙanena, mu zauna mu bi kod ɗin layi-layi.