Filayar matse kan kebul: wace dabara ce ta cancanci kariyar shekara 20?

Duk mai ɗaura dish ko kyamarar tsaro yana da ita a jakarsa: filayar da ake matse kan kebul da ita, wato ɗan abin haɗin da ake sa wa ƙarshen waya. Ƙarfe ne mai hannu biyu da baki da ɗan sanda mai turawa, babu inji, babu batir. Amma a Amurka irin waɗannan kayan aiki da kawunan wayar da suke matsewa sun sha kai manyan kamfanoni gaban alƙali, domin wanda ya samu takardar mallakar ƙirƙira yana iya hana kowa ƙera irin abinsa ko sayar da shi har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. Ra'ayina shi ne, wanda ya tattara tsofaffin kayan aiki ya haɗa su a mariƙi ɗaya bai cancanci wannan kariya ba, amma kuma zalunci ne a hana mutum ita don kawai abin da ya ƙera yana da sauƙin gani. Abin da zai raba gardama shi ne matsalar da ma'aikata ke fama da ita a bakin aiki, da ko sabon abin ya kashe ta ta hanyar da gwanaye ba su zata ba.

Sai an san aikin kafin a yi hukunci. A ɗauki kebul ɗin dish, RG6. Ana fere shi hawa biyu: a fito da jan ƙarfen tsakiya kamar milimita 6, sannan a cire baƙar robar waje wata milimita 6 don saƙar waya ta bayyana. A naɗe saƙar baya, a tura kan har farar robar ciki ta zo daidai da bakin bututun da ke cikinsa, sannan a matse. Kowane mataki da tarkonsa. Idan reza ta ɗan ci jan ƙarfen tsakiya, wata rana zai karye a nan. Idan zare ɗaya tak na saƙar ya taɓa shi, wutar bolt 13 ko 18 da dikoda ke aikawa kan dish ta haɗu ke nan, sigina ta ɗauke. Tsohuwar filaya mai matsi kusurwa shida tana lotsa farar robar, ta dagula ma'aunin om 75 da kebul ɗin ke aiki da shi, ta kuma bar kafofi a kusurwoyin da ruwan sama ke bi ya ruɓar da saƙar. Shi ya sa aka koma wa filaya mai tura zobe a tsaye, wadda ke rufe kebul ɗin ta kowane gefe. Ita ma da nata ciwon: tsawon kai ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, haka tsakanin nau'ikan kai irin su F da BNC da RCA. Matsi ya gaza, kan ya zare a hannu. Ya wuce kima, kan ya fashe.

To a ce wani ya zo ofishin rajista da filayar da ta haɗa abin yanka, abin ferewa da abin matsewa, ya ƙara mata kusa mai juyawa don daidaita tsawon turi. Sabuwa ce? Mai yiwuwa ba a taɓa ganin irinta sak ba. Amma sashe na 103 na dokar mallakar ƙirƙira ta Amurka ta 1952 bai tsaya a kan sabunta ba. Yana tambaya ne ko mai matsakaiciyar ƙwarewa a sana'ar zai ga bambancin a matsayin abin da ke a fili. Tun a 1851, a shari'ar Hotchkiss da Greenwood, kotun ƙoli ta ƙi amincewa da mariƙin ƙofa na yumɓu a madadin na itace ko ƙarfe, domin sauya kayan ƙira aikin gwanin maƙeri ne kawai. Littafin da masu tantance buƙatu a ofishin rajistar Amurka ke bi a yau ma ya lissafa irin waɗannan sauye-sauye: haɗa sassa su zama ɗaya, mayar da abu mai daidaituwa, canza girma. A bisa al'ada ba su isa ba.

Shari'ar KSR da Teleflex ta 2007 ce ta ƙara ɗaure wannan. Rigimar a kan totur ɗin mota ce wanda direba ke iya matso da shi ko nesanta shi, aka liƙa masa na'urar lantarki mai auna taku a kan kafaffen wurin juyawarsa. Kowane ɓangare akwai shi tun da. Kotun ɗaukaka ƙara ta nemi sai an nuna takamaiman abin da zai ingiza injiniya ya haɗa su. Kotun ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Anthony Kennedy kuma ba tare da saɓanin ko alƙali ɗaya ba, ta ce an tsananta: gwani mutum ne mai dabara, ba inji ba, kuma haɗa sanannun sassa kowanne yana aikin da aka san shi da shi, sakamako kuma wanda ake tsammani, galibi ba ƙirƙira ba ce. Da wannan ma'auni filayar can mai aiki uku ta faɗi, kuma daidai ke nan. Reza tana yanka kamar da, sanda yana turi kamar da. Idan aka ba ta kariya, tamkar an ɗora haraji ne a kan duk wanda zai sayi filaya.

Inda nake da damuwa shi ne ɗaya gefen. Kayan hannu sun fi komai faɗawa tarkon hukunci bayan an ga amsa. Mai tantancewa yana kallon zane mai sassa bakwai ko takwas, cikin minti biyu ya fahimce shi, sai zuciyarsa ta ce ai wannan kowa zai yi. Kamar ɗalibi ne da ya leƙa amsa kafin ya karanta tambaya. Duba kan wayar intanet, RJ45, irin wanda wayoyi takwas ke ratsawa su fito ta gaba. A tsohon salo sai ka yanke su daidai tsawo kafin ka tura, ba ka warware murɗinsu fiye da milimita 13 ba, kuma ba ka ganin ko ɗaya ta tsallake layinta sai na'urar gwaji ta faɗa maka. A sabon salo kana ganin jerin launuka da idonka, ka ja robar waje har ƙarƙashin abin riƙo, filaya ta danna filoli ta kuma datse ragowar a matsi guda. A takarda, an ƙara wa filaya reza ne kawai. A aikace, dole a sake ƙirar kan da filayar tare, rezar ta sauka a kan fuskar kan sak, a lokacin da ya dace. Idan ta dakushe ko ta kauce kaɗan, tsinin jan ƙarfe ya rage a waje, kan ya ƙi zama a raminsa, ko tsinin ya haɗa layi biyu, abin da ya fi muni a kebul mai ɗauke da wutar kyamara. Wanda ya warware wannan ya yi abin da ya wuce liƙa reza.

Doka ta tanadi maganin wannan tarko, sai dai ana yawan yi masa riƙon sakainar kashi. A shari'ar Graham da John Deere ta 1966, wadda ta shafi maɗaurin garma mai jure ƙasa mai duwatsu, kotun ƙoli ta shimfiɗa matakai: a tantance abin da aka sani a da, a fito da bambancinsa da sabon, a auna ƙwarewar 'yan sana'ar, sannan a duba shaidun zahiri, wato buƙatar da ta daɗe ba a biya ba, gazawar wasu, da karɓuwa a kasuwa. A wannan rana ce kuma ta tabbatar da takardar wani mai suna Adams a kan batir mai aiki da ruwa, duk da cewa an san sinadaransa, saboda masana sun yi ta cewa ba zai yi aiki ba. Ga kayan haɗa kebul, shaidun nan ba su da wuyar samu. Kamfanonin talabijin na waya suna da lissafin sau nawa aka sake tura ma'aikaci gida ɗaya saboda kai ya saki ko ruwa ya shiga. Idan adadin ya faɗi bayan an sauya filaya, wannan hujja ta fi zane goma nauyi.

Sai dai a kula. Ciniki kaɗai ba hujja ba ne. Filaya tana iya sayuwa don arha, ko don kamfanin ya tilasta a haɗa ta da kawunansa. A 2016, a rigimar PPC Broadband da Corning kan kawunan kebul, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar wa hukumar sauraron ƙorafi ta ofishin rajista aikinta, ta ce idan abin da ake sayarwa shi ne wanda takardar ta bayyana, a ɗauka nasararsa daga ƙirƙirar take. A 2019, a shari'ar Fox Factory da SRAM kan haƙoran sarƙar keke, ta taƙaita wannan zato ga kayan da suka yi daidai da abin da aka nemi kariya a kai. Ina ganin hakan ya yi. Mai filaya ya nuna cewa sabon sashen ne ya rage komawa gyara, kuma kariyarsa ta tsaya a kan wannan sashe: kusurwar reza, jerin motsi, abin da ke hana filaya sakewa kafin matsi ya cika. Kada ya mallake duk wata filaya mai yanka da matsi.

Masu ƙira a Najeriya su lura da wani bambanci. Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ita ma ta shar'anta sabunta da ƙirƙira ta gaske da amfani a masana'antu, amma magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko dabarar a fili take. Ana ba da takardar ba tare da lamunin ingancinta ba, kuma tambayar da mai tantancewa a Amurka ke yi tun farko, a nan sai abokin hamayya ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya ake yin ta.