A ƙirga ma'aikatan tashar nukiliya da daren da komai ya lalace

Da safiyar 13 ga Maris 2011, a tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi da ke Japan, an bi ma'aikata ana tambayar wa ya zo aiki da motarsa. Batiran motocin ake so. Aka kwance su ɗaya bayan ɗaya, aka kinkima cikin duhu zuwa ɗakin sarrafa tukunya ta 3, ɗaya daga cikin tukwanen da man nukiliya ke tafasa ruwa a cikinsu, aka jera guda goma masu volt 12 don a samu 120, wutar da za ta iya buɗe bawul ɗin rage matsin tururi. Tashar da ke aika wa Tokiyo wuta ta wayi gari tana baran batirin mota.

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsaron tashoshin nukiliya, hankali kan tafi ga kaurin kankare, da tsayin katangar tare teku, da yawan janareta. Waɗannan su ne abubuwan da ake iya ɗauka a hoto a nuna wa 'yan majalisa. Ni kuwa a ganina tambayoyi biyu sun fi su nauyi, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: mutum nawa ne za su kasance cikin tashar a daren da komai ya lalace lokaci guda, kuma ta wace hanya abin da suka gani da idonsu zai isa kunnen mai yanke hukunci? Kamfanin da ya amsa waɗannan da lissafin ranar zaman lafiya bai amsa ba tukuna, kuma bai kamata hukumar sa ido ta sa masa hannu ba.

Darasin ba sabo ba ne. A ranar 28 ga Maris 1979, wajen ƙarfe 4 na asuba, wani bawul ya maƙale a buɗe a tukunya ta 2 ta tashar Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, ruwan sanyaya tukunya yana ta zurarewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu cewa an aika wa bawul ɗin umarnin rufewa, su kuma suka ɗauka ya rufe. Ƙararrawa fiye da 100 suka kaure da kuka, na'urar da ke buga bayanan gargaɗi a takarda ta kasa bin sahun abin da ke faruwa. Sai bayan sa'a biyu da 'yan mintuna, da wani shugaban ma'aikata ya iso daga gida da sabon ido, aka gane inda ruwan ke fita aka toshe. A waje kuma layukan waya sun cushe, hukumar sa ido kan nukiliya ta Amurka, NRC, tana fama ta samu ɗakin sarrafawa, kowane jami'i na faɗin nasa. Da Gwamna Dick Thornburgh ya shawarci mata masu juna biyu da ƙananan yara da ke cikin mil 5 su fice ranar 30 ga Maris, kimanin mutum 140,000 ne suka kwashe nasu ya nasu. Tururin nukiliyar da ya fita kaɗan ne. Rashin sanin wa za a gaskata ne ya kori jama'a.

Daga nan Amurka ta kafa dokoki masu ma'ana: layin waya na musamman tsakanin kowace tasha da hukuma, cibiyar gaggawa dabam da ɗakin sarrafawa don kada a cika wa ma'aikata kunne, da wajabcin sanar da hukumomin jiha da na yanki cikin minti 15 da ayyana gaggawa. Sai dai duk tsarin ya ginu a kan wani zato da ba a rubuta ba: tukunya ɗaya ce za ta samu matsala, sauran duniya kuma tana nan lafiya lau. Hanya a buɗe, waya na aiki, wanda aka kira daga gida zai iso cikin sa'a guda. Guguwar Andrew ta yi gargaɗi a 1992, lokacin da ta katse sadarwar tashar Turkey Point ta Florida da waje na wasu sa'o'i, ta kuma toshe hanyoyin shiga da tarkace. Da yake an tsira, ba a ɗauki abin da zafi ba.

Fukushima ce ta rusa zaton gaba ɗaya. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 ta katse wutar waje da ƙarfe 2:46 na ranar 11 ga Maris 2011, bayan ƙasa da sa'a guda igiyar tsunami mai tsayin kusan mita 14 ta shanye janaretoci da batira da dama. Tukwane uku da ke aiki suka shiga haɗari tare. Wayoyin hannu na cikin tasha suka mutu, lasifikar sanarwa ta yi shiru. Abin da ya rage tsakanin ɗakin sarrafawa da cibiyar gaggawa ta shugaban tashar, Masao Yoshida, 'yan layukan waya ne na girke. Ma'aikacin da aka tura ya duba wani bawul, da zarar ya fita ƙofa babu mai jin duriyarsa sai ya dawo da ƙafarsa.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata, domin a nan ne gizo ke saƙa. Tukunya ta 1 tana da wata na'urar sanyaya da ke aiki ba tare da famfo ba, amma bawulolinta sun rufe lokacin da wutar batir ta ɗauke. Ma'aikatan ɗakin sarrafawa sun yi shakkar ko tana aiki, har da yammacin ranar suka buɗe wani bawul suka sake rufewa. Wannan labari bai isa wurin Yoshida yadda ya kamata ba. Ya shafe sa'o'i yana zaton tukunya ta 1 tana samun sanyi, hankalinsa yana kan ta 2, alhali man nukiliyar ta 1 ya riga ya fara narkewa. Layin waya yana nan, yana aiki. Abin da babu shi ne mutumin da aikinsa kawai shi ne ya ɗauki abin da ya faru ya faɗa, a maimaita masa, ya tabbatar an fahimta. Mutanen da ke laluben ma'auni da tocila, hancinsu cikin takunkumi, suna kula da tukwane biyu daga ɗaki ɗaya, ba su da hannun da za su ware wa wannan. Shi ya sa nake cewa sadarwa da yawan ma'aikata Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ka sayi wayar tauraron ɗan'adam ɗari, in babu mai riƙe ta, ka sayi kayan ado.

Haka batun motocin kashe gobara. Dabarar da aka dogara da ita a ƙarshe ita ce a tura ruwa cikin tukunya da su. Tashar na da uku: tsunami ta lalata ɗaya, ɗaya ta maƙale a ɓangaren tukwane na 5 da 6 saboda hanya ta farfashe, saura ɗaya. Masu iya sarrafa ta kuwa ma'aikatan wani kamfanin kwangila ne, kuma a tsarin gaggawar tashar babu rukunin da aka ɗora wa wannan aiki. Kuma a tuna, abin ya faru ne ranar Juma'a da rana, da mutum fiye da 6,000 a harabar saboda ana gyaran wasu tukwane. A ce daren Asabar ne fa?

A wajen katanga abin ya fi muni. Cibiyar da aka tanada a garin Okuma, kimanin kilomita 5 daga tashar, don haɗa kan gwamnati da kamfani da ƙananan hukumomi, ta rasa yawancin hanyoyin sadarwarta, kuma ginin ba shi da matatar iska mai tare burbushin nukiliya, har aka bar shi ranar 15 ga Maris. Hukumomin garin Namie a talabijin suka ga umarnin ficewa, suka kai jama'arsu arewa maso yamma, ɓangaren da iska ta kai gurɓatar daga baya. Firaminista Naoto Kan, da ya ga bayanai ba sa zuwa, ya hau jirgi mai saukar ungulu ya tafi tashar da kansa da safiyar 12 ga Maris. Ana iya zarginsa da katsalandan, kuma an zarge shi. Amma shugaba ba ya zuwa neman labari da ƙafarsa sai in hanyar da labari zai zo masa ta toshe.

Abin da Amurka ta yi bayan haka ya cancanci a duba. A ranar 12 ga Maris 2012 hukumar NRC ta buƙaci kowace tasha ta sake lissafin ma'aikatanta da na'urorin sadarwarta bisa zaton cewa dukkan tukwanenta sun shiga matsala tare, wuta ta ɗauke na dogon lokaci. Ma'aunin da aka yi aiki da shi ya ce a ƙaddara babu mai iya shigowa tashar a sa'o'i 6 na farko, shigowa kaɗan-kaɗan ce har zuwa sa'a 24, kuma hanyoyin sadarwa na yankin da ke cikin mil 25 sun lalace. Aka kafa rumbunan kayan agaji biyu, a Memphis da Phoenix, masu iya kai famfo da janareta kowace tasha cikin sa'a 24. Faransa kuma ta kafa rundunar agajin gaggawa ta FARN mai kimanin mutum 300 da za ta isa kowace tasha cikin sa'a 12. Sa'o'i 6 ɗin nan su ne zuciyar maganar. Duk wanda ba ya cikin tasha lokacin da abin ya afku, a lissafin farko babu shi.

Na san abin da masu tashoshin za su ce, kuma ba shirme ba ne. Nukiliya na gogayya da iskar gas da hasken rana a kasuwar wuta, albashin ƙwararru na da tsada, kuma biyan mutum shekara 30 yana jiran daren da mai yiwuwa ba zai zo ba abu ne mai wuyar karewa gaban masu hannun jari. Za su ƙara da cewa sababbin tukwane suna sanyaya kansu na kwanaki ba tare da wuta ko hannun mutum ba. A kan wannan hujja ce NRC ta amince a 2021 cewa mutum uku na iya kula da ƙananan tukwanen kamfanin NuScale har 12 daga ɗaki guda. Ban musa cewa ƙirar ta fi ta da aminci ba. Amma na'urar tukunya ta 1 a Fukushima ita ma an ƙera ta ne don ta yi aiki ba famfo, kuma abin da ya ci ta shi ne babu wanda ya tabbatar ko tana aiki. Tukunya na iya kula da kanta. Ba za ta kira gwamna ba, ba za ta kashe gobara ba, ba za ta auna iska a bakin ƙofa ta ce wa gari ya nufi kudu ba. Kuma in aka kwatanta da kuɗin gina tasha, albashin ƙarin mutum biyar a aikin dare bai kai cikin cokali ba.

Adadi kaɗai ma bai isa ba. Lokacin da sojojin Rasha suka mamaye tashar Chernobyl ta Ukraine ranar 24 ga Fabrairu 2022, ma'aikata kusan 200 da ke bakin aiki sun shafe fiye da mako uku ba a canje su ba. A Zaporijiya ta Ukraine, tasha mafi girma a Turai mai tukwane shida, wadda ita ma Rasha ta mamaye, ma'aikatan da suka haura 10,000 kafin yaƙi sun ragu zuwa ƙasa da rabi. Cikin sharuɗɗa bakwai da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA), Rafael Grossi, ya zayyana a lokacin, ɗaya ya ce dole ma'aikata su iya yanke hukunci ba tare da matsin lamba ba, wani kuma ya ce dole a samu amintacciyar sadarwa da hukumar sa ido. Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba, bai san halin da iyalinsa ke ciki ba, a takarda mutum ɗaya ne cikakke. A gaban allon ma'auni bai kai haka ba.

To me hukumar sa ido za ta yi? Ta rage dogaro da jadawalin da kamfani ya cike, ta riƙa zuwa ba sanarwa. Atisayen da aka sa wa rana tun wata uku, kowa ya yi barci ya ƙoshi, manajoji duk suna ofis, wasan kwaikwayo ne mai amfani kaɗan. A je ƙarfe 3 na daren hutu, a ce wayar salula ta mutu, gada ta karye, tukwane biyu sun rasa wuta, sannan a zauna da agogo a ga wa zai ja kebul, wa zai tuƙa motar kashe gobara, wa zai riƙe waya, kuma ko sunan mutum ɗaya ne ya bayyana a gurabe uku. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. A sa 'yan kwangila cikin lissafin, a kuma buga sakamakon kowa ya gani, musamman garuruwan da za a ce su tashi. Kamfanoni ba za su so haka ba, domin za a ga kunya, amma irin wannan kunyar ta taɓa yin rana.

A Yulin 2007 girgizar ƙasa ta afka wa tashar Kashiwazaki-Kariwa da ke lardin Niigata a Japan, wadda ta kamfanin TEPCO ce, mai tashar Fukushima Daiichi. Taransifoma ta kama da wuta ta yi kusan sa'a biyu tana ci, ƙofar ɗakin gaggawa kuma ta lanƙwashe ta ƙi buɗuwa, layin waya na musamman yana ciki. Shugabannin tashar suka koma filin ajiye motoci suna aiki da farin allo. Gwamnan lardin Niigata ya matsa lamba, kamfanin ya gina cibiyoyin gaggawa masu jure girgiza, da janaretansu da matatar iska, har da ta Fukushima Daiichi. A cikinta Yoshida ya zauna, daga cikinta aka tura mutanen da suka kwaso batiran motoci, kuma ta cikinta ne layin bidiyo zuwa Tokiyo bai yanke ba. An fara amfani da ginin a 2010, wata takwas kafin tsunami.